Dorawa Uku a Gonar da Kotu Ta Hana

Bazara ce, irin wadda take daɗewa har mutum ya manta kamannin hadari. Shekara ta biyu ke nan da gama yaƙin basasa. Sojoji sun dawo gida da akwatunan ƙarfe da rediyo, wasu kuma ba abin da suka dawo da shi sai shiru. Da rana tsaka, in na tsaya a ƙofar gidan yari na dubi yamma, sai in ga dajin yana rawa cikin zafi kamar a ƙasan ruwa yake. Kurciyoyi ba su gajiya da kuka. Iska in ta taso daga wajen Kazage takan zo da ƙanshin dorawa, mai zaƙi-zaƙi, har cikin ɗakin da muke kulle mata. Shekarar ta yi mini kamar barcin rana: kana jin maganar mutane, kana gane muryar kowa, amma hannunka ya yi nauyi.

Saboda ku nake rubuta wannan, 'yan matan da kuke sa kaki yanzu. Rannan jikata ta kawo mini ƙawayenta biyu da suka shiga aikin, ɗaya ta dubi tsohon hotona ta ce, "Hajiya, ai ku kun ji daɗi, aikinku na da riƙe makulli ne kawai." Na yi dariya, na ce ta ci gyaɗa. Amma maganar ta kwana tare da ni. Ku yi haƙuri da rubutuna, a hankali yake tafiya, don ajin yaƙi da jahilci kaɗai na yi, a rumfar mai unguwa, bayan la'asar, da goyo a baya.

Wannan ajin ne ya kai ni aikin. Lokacin gidan yari yana hannun hukumar gargajiya, wato En'e, kuma Yari yana neman macen da za ta iya karanta sunan fursuna a takarda. Mu huɗu muka karɓi takardar shaida a unguwarmu, ni kaɗai maigidana ya ce in je. Ga kuma wani abu da ya ƙara mini: mahaifiyata 'yar Gbagyi ce, na sha yaren a nono. Haka na zama gandirobar mata ta Birnin Gwari, ni Dije, da 'ya'ya uku a gida.

Ranar farko aka miƙa ni hannun Iya Gambo. Ita ta riƙe matan gidan tun zamanin Turawa, ba kaki, ba karatu, sai wani baƙin mayafi da ƙwayar ido mai kaifi. Muna zaune aka kawo wata mata da ake zargi ta ɗauke 'yan kunnen maƙwabciyarta. Na miƙe da rawar jiki zan caje ta, Iya ta riƙo bakin zanena.

"Ina za ki, 'yar boko? Akuya za ki feɗe?"

Ta shimfiɗa tabarma. Ta ba ni zane ta ce in riƙe shi a miƙe, ya raba mu da ƙofa. Ta gaida matar, ta tambaye ta gida, ta tambayi yara da sunayensu. Sannan ta murza tafukanta suka yi ɗumi, ta fara daga ɗankwali, ta bi kitso layi-layi kamar mai duba kwarkwata, ta sauko wuya, ta zo ƙullin zane. A cikin kitson 'yan kunnen suke. Ba ta ɗaga murya ba, ba ta nuna wa kowa ba, sai ta sa su a tafina ta mayar wa matar da ɗankwalinta, ta ɗaura mata da kyau.

"Kayan na masu shi ne," in ji Iya. "Kunyar kuwa tata ce, da ita ta shigo. Ki bar mata abarta."

Wata takwas na yi a bayanta. Ta koya mini yadda ake raka mace kotu: ba a gabanta ba, ba a bayanta ba, kafaɗa da kafaɗa, ki riƙe ɗan kwando a hannu, duk wanda ya gan ku ya ɗauka kasuwa za ku. Ta koya mini ba a sa wa mai goyo ankwa. Ta koya mini in ji numfashin ɗaki tun kafin in buɗe, domin ɗakin da aka yi faɗa a cikinsa da ɗakin da aka yi kuka ba shirunsu ɗaya ba.

Kayan aikina ba su da yawa. Makullai uku a igiyar fata, tabarma, zanen kariya, fensir, sai wani ɗan gwangwani mai tsumma jiƙe da tawada. Wannan gwangwanin shi ne rabin aikin. Akawun kotu namiji ne, ba zai kama hannun matar wani ba, saboda haka duk macen da za ta dangwala yatsa a takarda ni nake riƙe mata. Ku kuna ganin dangwale wasa ne. To, yatsan macen ƙauye ba irin naku ba ne. Taɓarya ta cinye shi, fasa kaɗanya ya goge shi, in kin danna kawai sai ki ga baƙin tabo kamar kashin ƙuda, akawu ya ce a sake. Sai kin goge yatsan da ruwa, kin bar shi ya sha iska, kin taɓa tsumman sau ɗaya tak, sannan ki mirgina shi daga gefe zuwa gefe a hankali, kamar kina juya jariri mai barci. Kuma a wannan ɗan lokacin da hannunta yake cikin naki, a nan mace take tambayar abin da ta kasa tambaya a gaban maza. Murya ƙasa-ƙasa. "Me ya ce?" "Yaushe zan koma?" "Yarana fa?"

Matan da suke zuwa hannuna yawanci ba manyan masu laifi ba ne. Masu dafa burkutu ba izini, masu faɗa a bakin rijiya, masu sayar da abinci a tasha da rigima ta rutsa da su. Wata a ci ta tara, wata ta yi sati biyu tana share mana tsakar gida, ta tafi har da yi mini sallama. Sai kuma ɗaurin talala. Shi ne a yanke wa mutum hukunci amma a bar shi ya tafi gida da sharaɗi, kamar tunkiyar da aka ɗaure da doguwar igiya tana kiwo. In ya kiyaye har wa'adi ya cika, shi ke nan. In ya karya, hukuncin nan da aka ajiye shi za a ɗauko a ɗora masa gaba ɗaya. Na ga mata da yawa sun fita da talala suna murna, ba su san igiyar tana nan ba sai ranar da ta ja su.

Tabar wiwi kuwa, da ba mu san ta sosai ba. Direbobin manyan motoci masu bin hanyar kudu su suka fara kawo ƙanshinta tasha, sannan wasu daga cikin waɗanda suka dawo daga yaƙi suka zo da irinta a aljihu. Dokar soja a kanta ba ta da wasa ko kaɗan. Alƙalinmu ma ba ya taɓa shari'arta, sai an jira majistare ya zo rangadi a motar jif, ya zauna a zauren kotun da tafintansa.

Da kakar da ta gabaci wannan bazarar aka kamo Bawa Soja daga wani ƙauye a bayan Kazage. Ya shuka wiwi a tsakiyar dawarsa, can bakin daji, inda ba mai bi sai mafarauta. 'Yan sanda suka tuge, suka tara, suka cinna wuta, har aka ce birai sun kwana biyu suna layi a kan itatuwa. Aka haɗo da matarsa Ladi, da jaririya a bayanta, domin an sami ƙullin ganyen a rumbunta. Ni na caje ta. Doguwa ce, kafaɗarta ta dama ta yi kanta saboda ɗaukar kaya, da ɗan gicciye na azurfa a wuya. Da na gaishe ta da yaren uwata sai ta ɗago ta dube ni, ta ce, "Yaya." Tun daga ranar haka take kirana.

Bawa aka ba shi shekarun da sai jaririyar nan ta isa aure kafin ya fito. Aka wuce da shi babban gidan yari. Ladi kuwa majistare ya ce ba ita ta shuka ba, amma ta gani ta yi shiru. Ya yanke mata shekara biyu, ya ajiye su, ya ba ta talala ta shekara ɗaya da sharaɗi biyu: duk ranar kasuwa ta farkon wata ta zo ta dangwala yatsa, kuma ƙafarta kada ta taka gonar nan, don kada a koma a tsinci irin da ya zube. Majistare ya faɗa da Turanci, tafinta ya mayar Hausa, ni kuma aka ce in mayar mata da yarenta, tunda Hausarta ta ciniki ce. Na faɗa mata daidai, ban rage ba, ban ƙara ba.

Sai da na kama yatsanta a gaban teburin akawu ta yi tambayar.

"Yaya, dorawata fa?"

"Wace dorawa?"

"Guda uku, a tsakiyar gonar. Uwar mijina ta ba ni su ranar da na haifi ɗan fari. Da su nake daddawa."

Ban ko tsaya tunani ba. Na ce, "Ai gona aka hana ki. Gona ta Bawa ce, dorawa taki ce." Na mirgina yatsan, ya fito fes.

Ku da kuka tashi a birni sai in yi muku bayani. A wurinmu gona daban, itace daban. Mutum zai ba da aron gonarsa shekara goma, amma dorawa da kaɗanya da suke ciki suna nan na mai su. Wanda ya noma gonar ba ya taɓa ko ƙwaya ɗaya, mai itacen kuwa tana shiga ta tsinki abinta ba sallama, ba wanda zai ce ta shiga gonar wani. Haka na tashi na gani, haka uwata ta gani. Abu ɗaya ke nan da Iya Gambo ba ta koya mini ba, don ita ma ba ta san akwai inda ba haka ake yi ba.

Wata biyar Ladi ba ta saɓa ba. Takan taso tun da asuba, ta iso da hantsi, ƙafafunta fari fat da ƙura, 'yar a baya, ƙwarya a kafaɗa. Ta dangwala, ta sha ruwa a randata, ta ba ni labarin yaranta biyu da ta bari wurin tsohuwa, uwar mijinta, ta juya. Akawu har yakan ce, "Dije, 'yar'uwarki ta fi agogon kotu cika alƙawari."

Sai bazara ta zo, dorawa ta nuna. Malamin daji yana zagayensa ya hango mace a gonar da aka ce ya sa wa ido, da gora mai ƙugiya a hannu. Ba mugun mutum ba ne, an ce ya kawo rahoto ne ya kawo. Kwana biyu bayan haka Sajen 'yan sanda ya shigo da ita, ɗan sanda ɗaya yana biye da kwandon a matsayin kayan shaida.

Na shimfiɗa tabarma, na rataya zane a ƙusa tunda ba mai riƙe mini. Na bi kitso, na bi ƙullin zane, na kwance goyo na duba. Na juye kwandon ƙwaya-ƙwaya. Na sunsuna tafukanta, domin wanda ya taɓa wiwi warin yakan kwana a hannunsa ko ya wanke da toka. Ba komai sai garin dorawa, rawaya, a ƙarƙashin farcenta. Ita kuwa ko a jikinta. Tana ba 'yar nono tana cewa, "Yaya, ki gaya musu kuskure suka yi. Ban taɓa gonar ba. Wurin itacena na je."

Na fito na sami Saje a ƙarƙashin dalbejiya yana fifita da hularsa. Na gaya masa yadda aka yi. Ya daina fifitar.

"Wa ya ji ki lokacin da kika faɗa mata?"

"Ba kowa."

"An rubuta?"

"A'a."

"To, ba ki faɗa ba ke nan. Gandiroba, ki rufa wa kanki asiri. Igiya ɗaya gare ki a kafaɗa, shekara nawa kika yi kafin ki same ta? Yanzu ba zamanin En'e ba ne da za a je a ba Yari haƙuri da goro. Takarda ɗaya za a rubuta, ki koma gida kina kaɗa miya."

"Shekara biyu fa za a ɗora mata, Saje. Kuma in an yaye 'yar za a karɓe ta."

"Ni na aike ta? Ke dai kin cika shiga sharo ba shanu."

Kwana goma sha ɗaya muka jira majistare. Kwanakin nan ba na iya rarrabe su yanzu, sun narke sun zama rana ɗaya doguwa. Ladi ce kaɗai a ɗakin mata. Takan zauna inda hasken taga yake faɗowa, ta bi shi yana matsawa a daɓe, tana yi wa 'yar waƙa da yarenta, wata waƙa da uwata take yi mana ta tsuntsun da ya je ɗibar ruwa ya manta hanya. Wani lokaci hadari ya taru can gabas, ya yi baƙi, ya yi gunaguni, sai ya watse. Ba ta ƙara ce mini in gaya musu ba. Ta ɗauka magana ce da ba ta buƙatar maimaici.

Ranar Juma'a na je gaida Iya Gambo. Ta bar aiki, idonta ya fara hazo, tana zaune tana kaɗi. Na kwashe duka na faɗa mata. Ta murza mazarinta.

"Ni ma da haka zan ce mata," in ji ta. "Wane irin alƙali ne bai san itace daban ba?"

"Iya, to yaya zan yi?"

"Ke da kika yi boko kike tambayata? Ni dai na san hannun da ya riƙe yatsan." Ta miƙo mini abawa ta ce in riƙe mata. Na riƙe, ta ci gaba da kaɗinta.

Ranar shari'a zauren ya cika, don dagacin ƙauyensu ya zo da mutanensa, shi ne ya tsaya wa Ladi tun farko. Majistare saurayi ne, siriri, da tabarau, yana ta share wuya da hankici. Malamin daji ya faɗi abin da ya gani. Aka ajiye kwandon a kan tebur, ƙanshinsa ya cika ɗakin, har ƙudan zuma biyu suka shigo ta taga suna kewaya kan akawu. Aka tambayi Ladi ko ta je wurin, na mayar mata, ta ce ta je. Majistare ya ce to magana ta ƙare, ya jawo tsohuwar takarda, ya cire murfin alƙalami.

Na ce, "Ranka ya daɗe, ina da magana."

Saje ya yi tari. Majistare ya dube ni ta saman tabarau, ya amsa da Hausa, karo na farko da na ji ya yi ta.

"Gandiroba, ke shaida ce?"

"Ban sani ba, ranka ya daɗe. Amma ni na ce mata ta je."

Na faɗi yadda aka yi, daga tambayarta har amsata. Muryata ba ta da ƙarfi, sai da ya ce in ɗaga sau biyu.

"Wa ya ba ki ikon fassara umarnin kotu?"

"Ba wanda ya ba ni. Ta tambaye ni, na amsa da abin da na sani."

Ya juya ga dagaci. "Gaskiya ne abin da take faɗa game da itace?"

Dagaci ya gyara rawani. "Ranka ya daɗe, haka muka gada. Ni kaina akwai dorawar ƙanwar babana a gonata, in na taɓa ta sai an tara mini dattawa."

"To, itatuwan nan a sama suke rataye, ko a cikin gonar suke tsaye?"

Aka yi 'yar dariya a baya. Dagaci ya ce, "A ciki suke tsaye, ranka ya daɗe, amma ba na cikin ba ne."

Majistare ya cire tabarau ya murza ido. Ya daɗe yana kallon kwandon. Ya ɗauki dorawa ɗaya ya juya ta, ya ɓare, garin ya zuba a kan takardarsa, ya hure. Sannan ya yi rubutu mai tsawo, ba abin da ake ji sai ƙudan zuman nan.

Da ya ɗago ya ce umarnin kotu ƙafa ya hana, kuma ƙafa ta taka, saboda haka an karya shi, ba zai ce ba a karya ba. Amma wadda kotu ta sa ta yi mata bayani ita ta ɓatar da ita, don haka ba zai ɗauko shekara biyun ba. Ladi za ta yi wata ɗaya a gidan yari, ta koma ta ƙarasa talalarta. Za a sake rubuta sharaɗin: gonar da duk abin da yake tsaye a cikinta, har wa'adi ya cika. Ni kuma ya ce zai rubuta wa shugabanmu. Daga ranar ba ni ba tafinta a kotunsa. Igiyar kafaɗata ma da yammacin ranar aka ce in warware ta, kafin takarda ta zo daga sama, kuma sai da na shekara huɗu kafin ta dawo.

Tafinta ya nemo wani dattijo cikin mutanen dagaci ya mayar wa Ladi hukuncin. Amma yatsan dai ni na riƙe, don ba wata mace. Wannan karon ba ta tambaye ni komai ba. Muka taka zuwa gidan yari kafaɗa da kafaɗa.

Sai da na zo rufe ƙofa, rana ta yi ja, ta ce, "Yaya, itace ɗaya kawai na tsinka. Biyu suna nan. Kafin wata ɗaya birai sun gama da su, in ba su gama ba ruwa ya ruɓar."

"Tsohuwa fa? Ko maƙwabta?"

"Tsohuwa ba ta iya ɗaga gora. Mutane kuwa tun ranar da aka sa wutar nan ba mai bin wajen. Sun ce duk wanda ya taka za a kama shi."

Na san abin da take nufi. Kalwar itatuwan nan ita ce miyar gidan ta shekara, ita ce abin da ake kaiwa kasuwa a samo gishiri da hatsi idan rumbu ya yi ƙasa da damina. Na juya makulli. Na ce ta kwantar da 'yar.

Washegari ranar hutuna ce. Bayan na yi sallah na je na ɗauko Iya Gambo, na zaunar da ita a ƙofar ɗakin mata da mazarinta, na gaya wa mai gadi. Daga nan na wuce gidan akawu, na same shi yana shan koko a zaure.

"Malam, sabuwar takardar nan, karanta mini ita. Wa ta hana shiga gonar?"

"Dije, ba ki daddara ba?"

"Na daddara, shi ya sa nake tambaya."

Ya shiga ya ɗauko kwafin, ya bi shi da yatsa layi-layi, ya mayar mini da Hausa. Na ce ya sake. Ya sake. Sunan Ladi ne kaɗai.

Na koma gida na sa kakina, ko da yake ba ranar aiki ba ce, da tabon zare a kafaɗa inda igiyar take. Na sami motar itace ta rage mini hanya, sauran na taka. Da hantsi na isa ƙauyen. Na gaida tsohuwa, na karɓi gorar Ladi a bayan rumbu da kwanduna biyu. Ban bi ta bayan gari ba, ta tsakiyarsa na bi, a hankali, ina gaida kowa, don su ga kakin da kyau su ga inda ya nufa.

Gonar tana nan baƙa, toka har idon sawu. Itatuwan uku suna tsaye a tsakiya da inuwarsu, biyu sun yi nauyi da 'ya'ya, birai suka watse da suka gan ni. Na ajiye kwanduna. Da na waiwaya sai na ga mata huɗu sun biyo ni, sun tsaya a kan iyaka, kowace da ƙwarya a kafaɗa, suna kallo.

Na ɗaga gorar, na saƙala ƙugiya a reshe na farko, na ja. Dorawa ta zubo mini a ka. Na ce musu da yaren uwata, "Ni kaɗai ba zan gama kafin azahar ba."

Ta farkon ta dubi ƙafarta, ta dubi tokar, sannan ta tako.